Gawar da Nomau Bai Ƙarasa Wankewa Ba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da garuruwa ke da ganuwa, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. 'Yar gona gare shi a bayan gari, sai gidansa na kara, sai matarsa Tasalla. Amma duk garin nan babu wanda bai san shi ba, saboda in an yi mutuwa shi ake kira. Shi ne wanka, shi ne haƙar kabari, shi ne kama makara, kuma bai taɓa karɓar ko ɓarin goro a kan wannan aiki ba. Ku matso kusa, ku saurara. Kai ma da kake gyangyaɗi a jikin bango, ka buɗe ido, wataƙila labarin naka ne.

Nomau mutum ne mai riƙon sirri. Abin da ya gani a jikin mamaci, a nan yake barinsa, ko matarsa ba ta ji. Mutum ne mai sanyi, ba a taɓa jin muryarsa a sama ba. Abu guda ne kawai yake tayar masa da rai. In ya yaye mayafi ya ga alamar an wulaƙanta majiyyaci kafin ya cika, ya ga dauɗa ta yi kanta, ya ga bayan mutum ya saɓule don ba a juya shi, to bayan an dawo daga maƙabarta sai ya ja wanda ya yi jinyar gefe, inda ba mai ji, ya ce masa, "Ka ji tsoron Allah. Amana aka ba ka." Daga haka ba ya ƙarawa. Amma wanda aka faɗa wa wannan magana ba ya mantawa da ita.

To, ana nan sai wata shekara Allah ya kawo annoba a tsakiyar bazara. Zazzaɓi ne mai kayar da ƙato da safe, kafin wata safiyar a ce sai haƙuri. Waɗanda suke kama wa Nomau aiki, wasu suka kwanta, wasu suka kwashi iyali suka yi ƙauye. Aiki ya koma kansa shi kaɗai.

Akwai wani maƙwabcinsa, wani bafatake mai suna Jatau. Da Jatau ya ga abin ya yi tsanani sai ya cika rumbu, ya sa aka danne ƙofar gida da gungume, ya ce, "So duka so ne, amma son kai ya fi. Ni kam zan kula da kaina." Yana ciki ana yanka masa kaji. Aka yi mutuwa a gidan da katanga ɗaya ta raba su, ko leƙowa bai yi ba. Tun daga ranar Nomau ya tsani wannan magana. In ya ji an ce "kula da kanka", fuskar Jatau yake gani. Ya ɗauka hanya biyu ce kawai a duniya, ko ka zama Jatau, ko ka kashe kanka a kan mutane. Nan ya ɓata, jama'a, kuma da kyakkyawar niyya ya ɓata.

Wata rana yana haƙa, ƙasa ta yi tauri, dagi ya kuɓuce masa ya sare shi a sha-raɓa, nan bayan ƙafa. Ko juyawa bai yi ya duba ba. Ya laluba ya ɗauki wani ƙyalle da ya rage daga likkafani, ya ɗaure wurin, ya ci gaba da haƙa. Kwana ya bi kwana bai kwance ƙyallen nan ba. In alwala ta kai ƙafa, ya wanke zuwa idon sawu ya miƙe. Barci kuwa sai dai abin da ya sata a zaune. In Tasalla ta dama masa kunu ta miƙa masa a bakin ƙofa, sai ya karɓa ya tafi da shi gidan makoki ya ba marayu. Mutane suna cewa, "Nomau ba mutum ba ne, ƙarfe ne, ba ya ci ba ya gajiya." Ba zan ɓoye muku ba, maganar tana yi masa daɗi. Mutumin kirki ne, amma ɗan Adam ne.

Tasalla dai ta gaji da kallo. Wata safiya ta tare shi a zaure ta ce, "Malam, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙafar nan ta fara wari. Dubi ƙudaje na binka. Ka tsaya ka sha kunun nan, ka biya ta wurin wanzami ya duba maka."

Ya ce, "Matattu na jirana, Tasalla. So kike in zama Jatau?"

Ta ce, "Ni ban ce ka zama Jatau ba. Amma ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha. In ka faɗi, wa zai wanke ka? Ni kuma ka bar ni da wa?"

Ya ce, "Da Allah." Ya raɓa ta ya wuce. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana hawaye, don ta ga abin da shi bai gani ba: mutumin nan kwana kaɗan ya rage masa in ya ci gaba a haka.

Ku saurara da kyau, yanzu aka zo wurin.

A ranar nan, rana ta take tsaka, yana dawowa daga maƙabarta shi kaɗai. Kun san irin tsakar ranar bazara, wadda inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Gari ya yi tsit. Ba ƙarar taɓarya, ba kukan akuya, ba ko yaro ɗaya a waje. Abin da yake ji kawai jan ƙafarsa a ƙasa da zuzar ƙudajen da suke binsa. Da ya zo daidai marina sai ya ga wani dattijo a tsaye a bakin wani lungu. Farar riga ce a jikinsa, kuma duk zafin nan babu ɗigon gumi a goshinsa. Nomau ya san kowa a garin, don babu gidan da bai shiga ba, amma bai san wannan fuskar ba. Lungun ma bai tuna ya taɓa ganinsa ba.

Dattijon ya ce, "Nomau, an yi rashi. Babu mai wanka."

Idon Nomau na ganin duhu-duhu don gajiya. Amma kun san halinsa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu je, Baba."

Suka shiga lungu, dattijo a gaba, shi a baya. Suka isa wani gida. Babu takalmi ko ɗaya a ƙofar zaure, babu tabarmar masu zaman makoki, babu kukan mata daga ciki. Suna sa ƙafa a tsakar gida sai Nomau ya ji wani abu ya canja, ya tsaya ya rasa ko mene ne. Can ya gane. Ƙudajen da suka daɗe suna binsa sun rabu da shi. Ya ga sun yi gaba gaba ɗayansu, sun riga shi shiga ɗakin. Tsigar jikinsa ta tashi, amma ya yi bisimilla ya sunkuya ya shiga.

An shirya komai. Ga tulu cike da ruwa, ga ƙwarya, ga dakakken ganyen magarya, ga likkafani a naɗe. Ga mamaci a kan gadon kara, an lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Ku da kuka taɓa tsayawa wurin wanka kun san ba a fara wa mamaci alwala sai an tsabtace jikinsa. Saboda haka Nomau ya bar fuskar a rufe, ya naɗa tsumma a hannu, ya fara daga ƙasa. Dattijo ya tsuguna yana zuba masa ruwa.

Da ya ɗaga mayafi daga ƙafafu sai ya ga dugadugai sun tsattsage, faso ya ci har ya kai nama. Ya wanke su. Ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura, an ɗaure ta da wani ƙyalle da ya yi baƙi ya manne da fata, ƙudaje sun rufe shi. Ya jiƙa ƙyallen ya ɓanɓare a hankali. Abin da ya gani a ƙarƙashi, ba zan faɗa muku ba, don wasunku ba su ci abinci ba tukuna. Ya dai kau da kai. Ya matsa sama ya shafa cikin don ya matse shi kamar yadda ake yi, sai ya ji hannunsa ya nutse har ya kusa taɓa ƙashin baya. Babu komai a cikin nan. Haƙarƙari duk a waje.

Na ga wasunku suna kallon juna, kun riga kun gane. To shi bai gane ba. Ta ina zai gane? Yaushe rabon da ya tsaya ya kalli jikinsa?

Ransa ya ɓaci. Wannan karon bai iya jira a dawo daga maƙabarta ba. Ya ce, "Baba, wannan ba annoba ce ta kashe shi ba. Wa ya yi jinyar bawan Allahn nan?"

Dattijo ya ce, "Wani mutum aka damƙa wa shi tun yana ƙarami. Mutumin kirki ne, duk gari ana yabonsa."

Nomau ya ce, "Ba ya ba shi abinci ne?"

"Ana kawo masa. Sai mutumin ya karɓa ya kai wa wasu, a yi masa godiya."

"Ya yi kyauta da abin da ba nasa ba ke nan. To ciwon nan fa? Ba shi da ido?"

"An faɗa masa. Ya ce ba shi da lokaci. In wannan ya nemi ya kwanta ya huta, sai ya tashe shi ya ce akwai aiki."

Nomau ya ajiye tsumma. Ya ce, "Wane laifi ya yi masa?"

Dattijo ya ce, "Bai yi masa laifin komai ba. Shi yake ɗaukarsa ya kai shi masallaci. Shi yake yi masa noma. Duk alherin da ake yabon mutumin da shi, a wuyan wannan ya hau ya yi shi. Bai taɓa ce masa a'a ba, sai dai ya yi nishi."

Nomau ya ce, "Wallahi ko jakin aro ba a yi masa haka. Wannan ba mutumin kirki ba ne, azzalumi ne, ko da duk duniya na yabonsa. Me zai ce wa Mai shi ranar da aka tambaye shi? Baba, in mun gama ka kai ni wurinsa."

Dattijo ya ce, "Yi masa alwala tukuna."

Nomau ya wanke hannayen mamacin, yana jin kanta a tafinsu irin ta mai riƙe dagi. Sannan ya kama gefen mayafi ya yaye fuska.

Ya ga tsagar gidansu a kumatu. Ya ga haƙorin gaba da ya karye masa tun yana saurayi. Ya ja da baya har ya yi karo da ƙwaryar ruwa, ya sunkuya yana haki, sai ya ga fuska a cikin ruwan tana kallonsa. Ya dubi ta kan gado, ya dubi ta cikin ƙwarya. Fuska ɗaya ce. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, shi da ya kwana ya tashi cikin gawawwaki. Ba tsoron mutuwa ba ne, ya daɗe da sabawa da ita. Maganar da ya gama faɗa da bakinsa ita ta tsorata shi.

Dattijo ya ce, "Ka ce in kai ka wurinsa. Ga ka nan."

Nomau ya juya wajen dattijon. Ya ce, "Baba, ya cika ne?"

"Taɓa ka ji."

Ya ɗora hannu a ƙirjin. Da fari bai ji komai ba. Can ƙasa-ƙasa ya ji wani ɗan motsi, ya tsaya, ya sake motsawa. Ya ce, "Da saura."

Dattijo ya miƙe ya ɗauki likkafanin ya rataya a kafaɗa. Ya ce, "To ba a yi wa mai rai wankan gawa. Yau kai na kira. In na sake zuwa, wani zan kira maka."

Daga nan Nomau bai san abin da ya faru ba. Ya dai farfaɗo ya gan shi kwance a cikin wani kango a bayan marina, ba rufi, ba ƙofa, ana kiran sallar la'asar. Ba gado, ba tulu, ba dattijo. Amma ƙasar da ke gefensa a jiƙe take, hannunsa yana ƙamshin magarya, kuma ƙyallen ƙafarsa a kwance yake a gefe. Ya juya ƙafar ya duba, karo na farko tun ranar da dagi ya sare shi. Abin da ya gani a kan gadon nan shi ya gani. Kada ku tambaye ni ko mafarki ne, ko zafin zazzaɓi ne, ko wani ne daga cikin bayin Allah da ba mu sani ba. Ban sani ba, kuma wanda ya ba ni labarin ma bai sani ba. Allah ne masani.

Ya dafa bango ya tashi, yana tafiya yana hutawa, har ya kai gida. A ƙofar gida ya tarar da mutane suna jiransa. Suna ganinsa suka miƙe suka ce, "Alhamdu lillahi, ga shi nan. Nomau, an yi rashi a unguwar maƙera, tun azahar muke nemanka."

To, jama'a, a nan jarrabawar take, ba a ɗakin can ba. Bayarwa ba ta taɓa yi wa Nomau wuya ba. Abin da bai taɓa iya faɗa ba a rayuwarsa shi ne "ba zan iya ba". Ya dubi mutanen nan, idonsu duk a kansa, har ƙafarsa ta fara juyawa da kanta. Sai ya dake ya ce, "Yau ba zan iya ba."

Wani daga baya ya ce, "Ashe shi ma ya bi Jatau." Nomau ya ji, kuma ta soke shi har cikin zuciya. Ya haɗiye. Ya ce, "Ban rufe ƙofa ba. Ku shigo zaure in nuna muku yadda ake yi. Ba wani abu ne mai wuya ba, ni na bari kuka ɗauka sai ni. Wani kuma ya taimaka ya kira mini wanzami."

Ya leƙa cikin gida ya ce, "Tasalla, da sauran kunun nan?"

Ta fito ta tsaya tana kallonsa. Ta koma ta ɗauko ƙwarya ta miƙa masa, ba ta saki ba sai da ta ga ya kai baki, don tana tsoron zai fita da shi. Ya zauna a gabanta ya shanye tas. Ta juya baya tana goge ido da gefen zane.

Wanzami ya zo ya duba ƙafa, ya girgiza kai ya ce, "Nomau, da ranar da abin ya faru ka zo, ruwan zafi da gishiri sun isa. Yanzu sai an yanke ruɓaɓɓen nama, kuma jijiyar ta riga ta tafi." Aka danne shi aka yi aiki. Yana kwance a zaure, gumi na zuba, yana gaya wa maƙeran nan yadda za su naɗa tsumma, da inda za su fara, da yadda za su rufa wa ɗan'uwansu asiri. Suka je suka wanke mamacinsu da hannunsu, suka binne shi kafin magariba.

Nomau ya rayu, har ya ga jikoki. Amma ƙafar nan ba ta sake miƙewa ba. Bai ƙara shiga kabari ya yi haƙa ba har ya koma ga Allah, sai dai ya zauna a bakin rami da sandarsa yana nuna wa masu ƙarfi. Aikin da ya ƙi ajiyewa na yini ɗaya, ya ajiye shi na sauran rayuwarsa.

To, ku saurara, ga abin da nake so ku tafi da shi. Jikin nan da kuke zaune a cikinsa ba naku ba ne. Amana ce, Mai shi zai karɓa, kuma zai tambaya. Wanda ya hana jikinsa abinci da barci da magani yana cewa don mutane yake yi, bai yi tsoron Allah ba, ya zalunci bawan da ba ya iya kai ƙara. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da maƙwabcinka ne ya yi wa tsohonsa abin da kake yi wa jikinka, da ka daina gaishe shi.

Kuma kada wani ya tashi daga nan ya je ya miƙe ƙafa a gado har hantsi, a aike shi ya ƙi, ya ce ai Malam ya ce a kula da kai. Ban ce ba. Jatau bai kula da kansa ba, son zuciyarsa ya yi wa hidima. Kula da kai ba cin daɗi ba ne, ba turare da sabuwar riga ba ne, ba kuma sai mai hali ba. Sau da yawa ma abu ne mai ɗaci: ka kwance tsumma ka dubi ciwon da kake gudun gani, ka ce "ba zan iya ba" a gaban masu yabonka, ka yarda wani ya kama maka.

Na san ku. Akwai mai jin jiri a cikinku tun kafin azumi, yana cewa zai wuce. Akwai uwar da take raba tuwo ta ce ta ƙoshi, alhali ƙanzo ta ci. Akwai wanda matarsa ta gaji da yi masa magana har ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka shirun nan lafiya ce. Kowa ya san inda tsummansa yake ɗaure. In kun koma gida yau, ku kwance ku duba tun ruwan zafi da gishiri suna isa, tun ba a je kiran mai wanka ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ta mutane da ta jikinmu, ya sa mu cika da imani.